Kwando 32 a filin ajiye motoci: yadda AMAP ta yaɗu a Faransa

Ranar 17 ga Afrilu, 2001, an sauke kayan lambu a wani filin ajiye motoci a garin Aubagne, gab da Marseille a kudancin Faransa, aka kasa su kwando 32. Babu wanda ya taya, babu wanda ya nemi ragi, domin an gama maganar kuɗi tun kafin ranar. Masu karɓa ma ba su ne suka zaɓi abin da ke cikin kwandon ba. Abin da gona ta bayar a wannan makon, shi aka raba. Daga wannan rabon aka samu abin da Faransawa ke kira AMAP, taƙaitaccen sunan da ke nufin ƙungiyar riƙe noman ƙananan manoma don kada ya mutu. A yau irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 2,000 a faɗin ƙasar.

Kayan sun fito ne daga wata gona mai suna Les Olivades a garin Ollioules, kusa da Toulon, ta Daniel Vuillon da matarsa Denise. Gonar gado ce, amma birni ya ci ya cinye har ya iso bakinta, manyan kantuna da tituna sun kewaye ta. A shekarar 2000 ma'auratan suka je New York ziyarar 'yarsu, a can suka ga yadda mazauna unguwa ke haɗa kai su biya manomi kuɗin kaka guda gaba ɗaya, shi kuma ya riƙa kawo musu kaya duk mako. Amurkawa na kiran tsarin CSA, kuma sun fara shi a 1986 a gonaki biyu, ɗaya a jihar Massachusetts, ɗaya a New Hampshire. Kafin su, Japanawa sun daɗe da nasu mai suna teikei tun shekarun 1970, wanda galibi matan gida ne suka tsaya masa saboda tsoron guba a abincin 'ya'yansu.

Su Vuillon sun dawo gida a lokacin da hankalin Faransawa ya tashi kan abin da suke ci. Cutar haukan shanu ta sake tayar da ƙura a ƙarshen 2000, mutane na gudun naman sa. Shekara guda kafin nan, a watan Agustan 1999, José Bové da manoman ƙungiyar Confédération paysanne sun kwance ginin McDonald's, gidan abincin nan na Amurkawa, da ake kan yi a garin Millau, labarin ya zaga duniya. Don haka da reshen Aubagne na Attac, ƙungiyar 'yan fafutuka masu sukar tsarin kasuwancin duniya, ya kira taro kan gurɓataccen abinci a watan Fabrairun 2001, su Vuillon suka tashi suka bayyana abin da suka gano a Amurka, maganar ta faɗa a kunnen da ke jiranta. Farkon Afrilu aka yi taron cin abinci a gonar don masu sha'awa su ga ƙasar da idonsu, bayan kwana tara aka yi rabon farko.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta, wuyarsa a aikatawa take. Rukunin iyalai, sau da yawa tsakanin 30 zuwa 60, kan kafa ƙungiya a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1901. Su nemo manomi. A zauna da shi a yi lissafin abin da zai kashe a shekara, iri da taki da man fetur da ladan ma'aikata da abin da shi kansa zai ɗauka ya ciyar da gidansa, sannan a raba jimillar a kan yawan kwanduna. Kowane mamba ya sa hannu a yarjejeniya ta wata shida ko shekara guda, ya rubuta cakin banki tun daga farko, sau da yawa guda uku ko fiye, wanda manomi zai riƙa kaiwa banki a hankali. Akwai wani abu a nan da ke da sauƙin wucewa ba a lura ba: cakin da sunan manomi ake rubuta shi. Ƙungiya ba ta saye, ba ta sayarwa, ba ta cire ko kwabo. Yarjejeniyar tsakanin mai ci ce da mai noma kai tsaye, ƙungiya shaida ce kawai kuma mai tsara wurin haɗuwa.

A ɗauki misali don lissafin ya fito fili. Idan iyalai 50 suka amince da yuro 20 a kowane kwando na tsawon mako 48, manomi ya san tun kafin ya zuba iri cewa yuro 48,000 ne za su shigo masa a shekarar. Ba dukiya ba ce, don daga ciki zai fitar da duk kuɗin aiki. Amma ya san adadin, kuma sanin ya fi ƙarfin abin da mutumin birni ke zato. Manomin da ya san abin da zai samu yana iya ɗaukar ma'aikaci na dindindin, yana iya zuwa banki da takardun yarjejeniya a hannu, yana iya shuka kayan lambu kala 40 maimakon kala uku da babban kanti ke so. Ba ya zubar da karas don ya karkace ko tumatir don bai kai girman da ake nema ba, duk suna shiga kwando.

Ranar rabo ita ce zuciyar abin. Da yamma, a harabar wata makaranta ko zauren unguwa ko ƙarƙashin wata rumfa, manomi ya iso da motarsa. Mutum biyu ko uku da layin aiki ya zo kansu a wannan makon su sauke akwatuna, su jera a kan tebura, su ajiye sikeli. A rubuta a allo: dankali kilo ɗaya, albasa rabin kilo, latas biyu, kabeji ɗaya. Kowa ya zo da jakarsa, ya sa hannu a takarda, ya bi layi yana auna wa kansa. Manomi na tsaye a gefe, ana tambayarsa me ya sa bana tumatir ya makara, yana cewa sanyi ne ya daɗe. Wani ya ɗaga wata saiwa da bai taɓa gani ba yana tambayar yadda ake dafa ta, wata tsohuwa ta karɓe zancen. Cikin sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi an watse, masu aiki sun share wuri sun mayar da mabuɗi.

Sai kuma ranar da ƙanƙara ta sauka. A nan ne ake gane ko mutum ya fahimci takardar da ya sa wa hannu. Cikin minti goma ƙanƙara na iya tsattsage latas da kabewa ta kakkarya tumatir, kwandon mako uku masu zuwa ya koma rabi. A kasuwa, asarar ta manomi ce shi kaɗai, mai saye ya matsa teburin gaba. A AMAP kuɗin bai canza ba, mamba ya biya cikakke ya koma gida da jaka shafal. A shekarar albarka kuma ya koma da kayan da sai ya raba wa maƙwabta. Wannan raba kasada shi ne ginshiƙin da komai ya tsaya a kai, kuma a ganina duk wanda ya kwaikwayi AMAP ya bar wannan sharaɗin, kwandon kawai ya ɗauka.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne hanyar da aka bi wajen yaɗa shi. Da mutane suka yi yawa, hanya mafi sauƙi ita ce a faɗaɗa: a tara kayan manoma da yawa a rumbu ɗaya, a ɗauki ma'aikata, a sayi motoci. Ba a bi ta ba. Kalmar da suka zaɓa wa kansu ita ce essaimage, wato abin da ƙudan zuma ke yi idan amya ta cika, wani ɓangare ya tashi da sarauniya ya je ya kafa sabon gida. Idan jerin masu jira ya yi tsawo, sai tsofaffin mambobi biyu ko uku su ja sababbin su kafa wata ƙungiya da wani manomin. Manomin da ya goge ya riƙe hannun sabo, ya nuna masa yadda ake tsara shuka don kwando ya cika mako bayan mako, wanda shi ne mafi wuyar koyo a wannan sana'a. Daniel da Denise sun yi shekaru suna yawo gari gari suna wannan aiki. Tun watan Mayun 2001 aka kafa Alliance Provence don ta riƙa raka sababbin ƙungiyoyi, a 2003 abin ya isa yankin Faris, a 2004 aka yi taron ƙasa da ƙasa a Aubagne wanda daga cikinsa ƙungiyar Urgenci ta fito, mai haɗa masu irin wannan tsari a duniya.

Dalilin ƙin faɗaɗawa a fili yake idan aka koma ga ranar ƙanƙara. Mutum na iya haƙura da rabin kwando saboda ya san fuskar manomin, ya taka gonar, wataƙila ma ya taya cire ciyawa wata Asabar. Idan mambobi suka kai dubu, manomi ya zama suna a takarda, haƙurin ya ƙare, sai a fara neman a mayar da kuɗi. Ƙanƙantar ƙungiyar ita ce jarinta.

Amma yaɗuwa ta wannan hanya na da tata matsalar: kowa na iya ɗaukar sunan ya yi abin da ya ga dama. Ɗan kasuwa na iya sayo kaya a babbar kasuwar sari ya zuba a kwando ya ce AMAP ce. Saboda haka a 2003 Alliance Provence ta rubuta kundin ƙa'idoji, ta kuma yi wa sunan rajista a hukumar kare sunayen kasuwanci ta ƙasar, ta yadda ba mai amfani da shi sai wanda ya yarda da kundin. Matakin ya kare sunan, ya kuma haifi rigima. Tambayar da ta raba kawuna ita ce: dole ne manomi ya mallaki takardar shaidar noma marar takin zamani da maganin feshi, wadda ke da tambarin AB, kafin a karɓe shi? Wasu suka ce dole, don mai ci ya san abin da yake biya. Su Vuillon na cikin masu cewa a'a. Hujjarsu ita ce an kafa AMAP ne don ceto ƙaramin manomi, kuma wanda ya fi buƙatar ceto shi ne wanda bai riga ya sauya salon nomansa ba, in aka rufe masa ƙofa wa aka taimaka? Saɓanin ya yi zafi har waɗanda suka kawo tsarin suka raba gari da ƙungiyar da suka taimaka aka kafa, suka buɗe tasu cibiyar mai suna Creamap a 2007.

Ba na ganin wannan rigima a matsayin abin kunya. Duk tafiyar da ta girma sai ta kai wannan mararraba, inda amana tsakanin mutum da mutum ta daina isa, a fara neman takarda, masu farawa kuma su ji kamar ana ƙwace musu ɗa. Abin lura shi ne yadda aka fita. A 2010 ƙungiyoyin yankuna suka kafa Miramap a matsayin inuwa ɗaya ta ƙasa, aka ɗauki lokaci mai tsawo ana tattaunawa daga ƙasa zuwa sama, a 2014 aka amince da sabon kundi. Bai wajabta tambarin AB ba. Ya dai ce noman ya kasance babu takin zamani, babu maganin feshi na sinadari, babu irin da aka sauya wa halitta, kuma manomi ya buɗe gonarsa da lissafinsa ga mambobi su gani. Wato an mayar da aikin sa ido hannun masu ci, ba hannun mai duba takarda kaɗai ba. Ko duk ƙungiyoyi na yin wannan sa idon da gaske, wannan wata magana ce. Da yawa ziyarar gona sau ɗaya a shekara suke yi, a ci a sha a dawo.

Ana cikin haka sai ga kishiya. A 2011 wani kamfani mai suna La Ruche qui dit Oui ya buɗe wurin rabonsa na farko kusa da Toulouse. Abin dariya, sunan ma na amya ne, amyar da ke cewa to. Shi ma kayan manoman kusa yake kawowa, shi ma rabo ake yi a unguwa sau ɗaya a mako. Bambancin shi ne mutum ya shiga intanet ya zaɓi abin da yake so, makon da ba ya so ya bari, babu yarjejeniya, babu layin aiki. Kamfani da mai kula da wurin rabo su cire kasonsu daga cinikin. 'Yan AMAP da yawa sun fusata, suna cewa an ari rigarsu an yi kasuwanci da ita. Akwai gaskiya a ƙorafin, don kasadar ta koma kan manomi shi kaɗai kamar dā. Sai dai kamfanin ya tona wani abu da ba su so a faɗa: akwai dubban mutane masu son abincin manomin kusa waɗanda ba za su iya ɗaure kansu wata shida ba, ko ba sa iya zuwa ƙarfe shida da rabi na yammacin kowace Talata. Mai aikin dare, mai renon yara ita kaɗai, mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata, duk tsarin AMAP bai yi da su ba yadda yake.

Wannan ce sukar da ta fi kama jiki. Biyan kuɗi tun gaba na buƙatar mutum ya san zai samu kuɗin, dafa ɗanyen kayan lambu kilo biyar a mako na buƙatar lokaci da wurin girki. Shi ya sa mambobi suka fi yawa cikin masu ilimi da matsakaicin hali na birane. Ƙungiyoyi sun gwada magunguna: kwandon tallafi da sauran mambobi ko hukumar gari ke biyan wani kaso, farashi hawa hawa gwargwadon samun mutum, raba kwando ɗaya tsakanin gida biyu, karɓar caki goma maimakon uku. Suna rage matsalar, ba su kawar da ita ba.

Amma in aka tambaye ni abin da ya fi barazana ga ɗorewar AMAP, ba zan ce masu saye ba. Manoma ne da ƙasa. Ƙidayar noma ta 2020 ta nuna gonaki kusan 390,000 ne suka rage a Faransa, ƙasa da na 2010 da kusan 100,000, kuma kashi 43 cikin ɗari na masu gonakin sun kai shekara 55 ko fiye. A 1970 gonakin sun kai miliyan 1.6. A yankin Faris abin ya fito ƙarara: ƙungiyoyi sun kafu, mutane sun shirya cakinsu, babu mai lambun da zai kawo kaya, domin ƙasar yankin ta manyan gonakin alkama ce, abin da ya rage kuma gine-gine na cinyewa. Ita kanta Les Olivades ta yi shekaru tana ja-in-ja da shirin ratsa ta da hanyar sufurin jama'a.

Nan ne tafiyar ta yi abin da ya fi burge ni, ta gane cewa in tana son manoma sai ta haife su. A 2009 ƙungiyoyin AMAP na yankin Faris suka kafa Les Champs des Possibles, wurin da mai sha'awar noma, wanda sau da yawa ba ɗan manomi ba ne, zai samu fili da kayan aiki da mai koya masa, ya gwada kansa na shekara biyu ko uku yana sayar wa wata AMAP kafin ya ci bashi ya tsaya da ƙafarsa. In ya ga ba zai iya ba, ya janye ba tare da ya karye ba. A gefe guda kuma akwai Terre de Liens, wadda aka kafa a 2003: tana tara kuɗin ajiyar talakawan gari da gudummawarsu, ta sayi gona, ta ba manomi haya na dogon lokaci da sharaɗin kula da ƙasar, kuma ba ta sake sayar da ita. Ta mallaki gonaki sama da 300. Idan aka auna da 100,000 da suka ɓace cikin shekara goma, ɗigo ne a teku. Amma kowace ɗaya daga cikinsu gona ce da ba za ta koma filin ajiye motoci ba.

Annobar korona ta gwada tsarin. A ƙarshen Maris 2020 gwamnati ta rufe kasuwannin fili, masu lambun da suka dogara da su suka rasa inda za su kai kaya cikin dare ɗaya. Manoman AMAP kuwa cakinsu na hannu. Ƙungiyoyi suka nemi izinin hukumomi, suka koma ɗaure kwanduna tun daga gona, kowa da lokacin zuwansa, aka ci gaba. Mutane suka yi ta neman shiga. Bayan shekara biyu iska ta juya: tsadar rayuwa ta 2022 ta sa Faransawa suka ɗaure aljihu, cinikin kayan da ke da tambarin AB ya ja baya, ƙungiyoyin da dā ke da jerin masu jira suka koma neman mambobi, a daidai lokacin da kuɗin mai da na leda da na iri suka hau kan manomi. Zaman sabunta yarjejeniya ya zama mai nauyi, don dole wani ya buɗe baki ya ce kwando zai ƙara kuɗi, kuma sau da yawa manomin ne ke jin nauyin faɗa. Akwai manoman da suka yi shekaru ba su ƙara ko yuro ɗaya ba saboda kunyar mutanen da suka zama abokansu. Zumuncin da ke riƙe tsarin shi ne kuma ke rufe wa manomi baki, sai in ƙungiya na da wanda zai ce a kawo littafin lissafi a duba.

Sauran rauni na cikin gida ne, kuma ba ya shiga jarida. Kowace AMAP na tsaye ne a kan mutum huɗu ko biyar: mai karɓar caki, mai tsara layin aiki, mai riƙe mabuɗin zaure, mai kiran manomi a waya. Ba a biyansu. Shekara biyar, shekara takwas, su ne dai. Sababbin mambobi na zuwa su ɗauki kaya su tafi, suna ɗaukar abin kamar kanti mai arha. Japan ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya: matan da suka kafa teikei sun tsufa, 'ya'yansu mata sun fita aiki, ba su da yinin da za su ba rabon kaya, ƙungiyoyi da yawa suka shiga raguwa. A Faransa wasu ƙungiyoyin sun sa wa'adi ga masu riƙe muƙami, wasu sun wajabta wa kowane mamba aikin rabo sau biyu ko uku a kaka, an kuma ƙirƙiro manhajoji na kyauta da ke ɗauke wahalar lissafin yarjejeniyoyi. Duk da haka, a taron shekara, idan mai karɓar caki ta ce ta gaji za ta sauka, zauren kan yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takardar gabansa, har sai wani ya ɗaga hannu ya ce zai riƙe na shekara ɗaya.